Mai Jari da Mai Kasuwa: Waiwaye a Kan Tarihin Zuba Kuɗi a Fina-finan Hausa

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da aka yi a kan fina-finan Hausa sun fi karkata ga jigo da salo da tasirin fina-finan Indiya, sai kuma doguwar muhawarar nan ta ko fim yana gyara tarbiyya ko yana ɓata ta. Ba a cika tsayawa a tambayi inda kuɗin shirya fim yake fitowa ba, balle a bi sawunsa a ga aljihun da yake komawa bayan an sayar. Wannan takarda za ta waiwayi tarihin ne ta wannan fuska. Abin da take son nunawa shi ne, Bahaushe ya daɗe da gano yadda zai shirya fim da ɗan abin da ke hannunsa, amma hanyar da fim yake bi ya isa ga mai kallo kusan kullum tana hannun wani ne dabam. Wanda ya riƙe wannan hanya kuwa shi yake yanke rabon riba, kuma a ƙarshe shi yake yanke irin labarin da za a bayar.

Idan aka ce fim mai ƙaramin jari a nan, ana nufin wanda mutum ɗaya ko wata ƙungiya ta shirya da kuɗin aljihu, ba tare da hannun gwamnati ko banki ko wani babban kamfani ba. Bisa wannan ma'auni, kusan duk fina-finan Hausa da aka yi tun daga shekarar 1990 sun shiga wannan aji.

2.0 Zamanin da Jari Yake Hannun Hukuma

Bahaushe ya fara sanin hoto mai motsi ta ƙofofi biyu, kuma babu wadda ya mallaka a cikinsu. Ƙofa ta farko ita ce majigi, wato motar nan ta gwamnati da take zagaya garuruwa tana haska fina-finan wayar da kai a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen shirya irin waɗannan fina-finai a 1939, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta gaji tsarin ta ci gaba da shi. Fim irin su Baban Larai, wanda ya yi kira ga manoma su rungumi dabarun noma na zamani, da kuɗin hukuma aka yi shi, kuma kyauta aka nuna shi. Ba a sa ran kwabo zai dawo ba, don ribar da ake nema ita ce saƙon ya shiga kunnen talakawa.

Ƙofa ta biyu ita ce gidajen silima, waɗanda akasari Kwarori ne suka gina su suka kuma riƙe harkar shigo da fina-finan da ake nunawa. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937. Tun farko malamai da dattawan birni ba su yi wa silima kallon wurin mutanen kirki ba, sai ga shi a 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, ta hallaka mutum 331. Jama'a da dama sun ɗauki wannan a matsayin ishara. A ganina wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa manyan attajiran Kano, waɗanda ba su taɓa jin tsoron zuba dukiya a gyaɗa da fata da goro da yadi ba, suka nesanta jarinsu daga duk abin da ya shafi fim, kuma har yau ba su matso sosai ba.

Bayan samun mulkin kai, fina-finan Hausa na silima, wato waɗanda ake ɗauka a kan zare, sun ci gaba da dogara da baitulmali. Mafi shahara shi ne Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shehun. Gwamnatin Tarayya ce ta ɗauki nauyinsa domin bikin FESTAC na 1977. Abin lura shi ne yadda fim ɗin ya ƙare. Da yake ba a tanadar masa kasuwa ba, da biki ya watse sai ya ɓace, har aka yi kusan shekara arba'in ana jin sunansa ba a ganinsa. Sai a 2016 aka tsinto zarensa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar fim a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. An kafa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 1979, ita ce kuma ta shirya Kulɓa Na Ɓarna a 1992 ƙarƙashin Brendan Shehu. Akwai kuma Ƙasarmu Ce na Sadiq Ɓalewa a 1991. Amma kafin waɗannan su fito, zamanin zare ya riga ya zo ƙarshe. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, wanda ya fara a 1986, ya karya darajar naira: dalar da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai kimanin naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Zaren fim daga waje ake sayo shi, a waje ake wanke shi. Ba wani ɗan kasuwa da zai iya wannan ɗawainiya.

3.0 Ƙungiyoyin Wasan Kwaikwayo da Jarin Karo-karo

Abin da ya cike gurbin bai fito daga ofishin gwamnati ba. Tun cikin shekarun 1970 da 1980 gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato suka raini 'yan wasa irin su Ƙasimu Yero da Usman Baba Pategi, wato Samanja, yayin da unguwannin Kano suka cika da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa, kamar Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa. Waɗannan ƙungiyoyi suna da 'yan wasa, suna da labarai, suna da masu kallo. Abin da suka rasa shi ne na'ura, ita kuwa kyamarar bidiyo da ake haya don ɗaukar biki da suna ta kawo musu ita har gida.

A watan Maris na 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi manazarta suka fi ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka yi domin kasuwa. Gimbiya Fatima ya biyo baya a 1992. Daga nan marubutan littattafan soyayya suka shigo, domin sun riga sun saba da buga littafi da kuɗinsu su kai wa masu shago da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, kuma kafin ƙarshen shekarun an juya littattafan Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu zuwa fim.

Jarin wannan zamani bai wuce karo-karon 'yan ƙungiya da rancen 'yan'uwa ba. Babban jarin ma ba kuɗi ba ne: gidan da za a yi ɗauka aro ne, motar Alhajin cikin labari aro ce, kayan sawa na ɗan wasa ne, shi kansa ɗan wasan sau da yawa abinci da kuɗin mota ne ladansa. Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ya faru a Legas. Kenneth Nnebue, wanda ya shirya Living in Bondage a 1992, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan lantarki da kaset-kaset, wato mai jarin shi ne mai kasuwar tun ranar farko. A Kano kuwa masu fasaha ne suka fara, sannan suka ɗauki kayansu suka tafi neman wanda zai sayar musu. Wannan bambanci na asali shi ya haifi abin da za a duba a gaba.

4.0 Tsarin Kwali

Waɗanda masu fim suka tarar a kasuwa su ne dillalan kaset na Ƙofar Wambai da na Bata. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a bincikensa na Kano, waɗannan dillalai sun riga sun gina hanyar rarraba kaya mai faɗi tun kafin a fara fim ɗin Hausa, ta hanyar kwafar fina-finan Indiya da na Amurka da ake shigo da su ta Dubai, da kaset-kaset na wa'azi da na mawaƙa. Suna da na'urorin kwafa jeri-jeri, suna da abokan ciniki daga Maiduguri zuwa Sakkwato, daga Maraɗi da Damagaram zuwa zangon Kumasi, kuma duk cinikin a kan bashi da amana yake tafiya, kamar yadda fataucin goro da na shanu ya gada. Wanda ya karanta bayanin Abner Cohen na 1969 a kan masu gida da dillalan Sabon Ibadan ba zai ga baƙon abu a nan ba. Matsalar ita ce, hanya ce da aka shimfiɗa domin kayan da ba a biyan mai su komai, sai ga shi an ɗora mata kayan da mai su yake tsaye a bakin shago yana jiran kuɗinsa.

Sulhun da aka cim ma shi ne tsarin kwali. Furodusa zai shirya fim da kuɗinsa tun daga rubutu har tacewa, sannan ya je maɗaba'a ya buga kwalaye masu ɗauke da hotunan 'yan wasa da sunan fim. Sai ya miƙa wa dillalai uwar kaset ɗin ba tare da sun biya ba, ya kuma ba su kwalayen. Dillali zai kwafi fim ɗin a kan kaset-kaset ɗinsa, ya zura kowane a cikin kwali, ya sayar. Kuɗin furodusa kuɗin kwali ne kawai, wato wani ɗan kaso daga farashin kowane kaset, kuma ba ya karɓa sai an sayar. Kwalin da ya yi kwantai a mayar masa da abinsa. Ke nan kwali shi ne rasit, shi ne hatimin mallaka, shi ne kuma littafin lissafi.

Dabara ce mai kyau ga mutanen da ba su da lauya ba su da akawu, kuma dole a yaba mata, domin ita ta sa saurayin da ba shi da shago ko ɗaya ya ga fim ɗinsa ya kai Agadas cikin mako guda. Sai dai idan aka auna yadda aka raba kasada, za a ga ma'aunin ya karkata. A ƙa'idar ƙiradi da malaman fiƙihu suka bayyana, mai dukiya da mai juya ta suna raba riba bisa kason da suka yi yarjejeniya, idan kuma aka faɗi, mai dukiya ya yi asarar dukiyarsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. A tsarin kwali furodusa ne mai dukiya kuma shi ne mai wahala. Dillali bai sa komai a cikin kasada ba sai kaset ɗinsa, shi kuwa kaset ɗin bidiyo idan bai shiga ba ana goge shi a ɗora wani fim a kai. A ƙaddara furodusa ya buga kwali dubu goma, aka sayar da dubu huɗu: shi ya tashi da tulin takarda da bashin maɗaba'a, dillali kuwa ya tashi da kaset dubu shida da zai sa wa fim ɗin mako mai zuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bugu da ƙari, ikon kwali yana raguwa ne gwargwadon nisan kaya daga Kano. A nan Keffi, inda aiki ya kawo ni, ana iya ganin ɗaya ƙarshen igiyar. Gari ne da Hausa take harshen kasuwa da na tasha, kuma masu kallon fim ɗin Hausa a wannan yanki sun haɗa da Gwandara da Eggon da Mada da Afo da sauran al'ummun da Hausa ba harshen gidansu ba ne. Kasuwa ce babba ga mai fim, amma ba shi da ido a cikinta. Kaset guda da ya sauka daga motar Kano yana iya zama uwa ga wasu da za a kwafa ba kwali, ko ya shiga shagon haya ya zaga gida hamsin, ko a haska shi a gidan kallo a karɓi kuɗin ƙofa. A duk waɗannan, abin da ya koma wa mai jari kuɗin kwali ɗaya ne. Akwai dokar haƙƙin mallaka tun 1988, amma babu furodusan da yake da halin bin sawun kayansa daga Bata zuwa Keffi da Lafiya da Akwanga.

A nan ne kwatanci da ƙasashen waje yake da amfani. Ana yawan kafa misali da fim ɗin Amurka The Blair Witch Project na 1999, wanda aka ɗauka da kimanin dala dubu sittin, ya kuma tara fiye da dala miliyan 240 a gidajen silima na duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu shi sun sayar wa kamfanin rarrabawa da haƙƙinsa a kan rubutacciyar yarjejeniya, kuma kowane tikiti da aka yanka an ƙidaya shi. A can ma yawancin ƙananan fina-finai faɗuwa suke yi, amma wanda ya ci, akwai takardar da za ta nuna ya ci. A Kano fim yana iya cika gari da ƙauye, mai shi kuma ya kasa biyan kuɗin hayar kyamara.

4.1 Yadda Kasuwa Ta Shiga Cikin Labari

Shekarar 1999 ita ce mararraba. A cikinta kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Karɓuwar da ya samu, musamman saboda waƙoƙinsa, ta nuna wa kowa cewa akwai kuɗi a harkar. A wannan shekarar ce kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim, sannan sunan Kannywood ya ɓulla a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000, ya ƙara tabbatar da zancen.

Daga nan sai sababbin masu jari suka yi ta kwararowa: saurayin da ya ci gado, da ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, da matar da ta kwashi adashi ko ta sayar da gwal. Da yawansu fim ɗaya suka yi suka koma gida. Wasu ma ba riba ce ta kawo su ba, son a ga fuskarsu ko sunansu a kwali ne, kuma irin wannan mai jari ba ya tambayar lissafi sai kuɗi sun ƙare. Yawan fina-finan da ake saki ya sa kwanakin cinikin kowane fim suka gajarta, domin kafin a gama sayar da na wannan mako, na gaba ya iso ya ture shi daga kan tebur.

Su ma dillalai ba su tsaya a sayarwa ba. Da faifan sidi ya fara maye gurbin kaset a cikin shekarun 2000, tsohon lissafi ya rushe, don faifai ba ya goguwa. Sai aka koma ga sayen haƙƙin fim ɗungurungum a kan farashi guda, wasu dillalan kuma suka fara ba da kuɗin shirya fim tun daga tushe, ko suka buɗe kamfanonin kansu. Mai ba da kuɗi kuwa yana da sharaɗi. Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fi kowa bin diddigin wannan zamani, ya nuna yadda waƙa da rawa suka zama abin da ake tallata fim da shi. Har ta kai ana fara yin waƙa a situdiyo da ɗan fiyanon Yamaha, a ɗauki rawarta, a yanka talla, sannan a nemi labarin da za a jingina mata. Dillali yana tambayar wane jarumi ne a kwali da waƙa nawa ce a ciki kafin ya tambayi abin da fim ɗin yake magana a kai.

A ɗaya gefen kuma akwai fina-finan barkwanci da ake kira camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya zama sarkinsu har rasuwarsa a 2014. Masana sun daɗe suna yi musu kallon raini, amma ta fuskar jari babu wanda ya fi su hankali. Ana ɗaukarsu a ƙauye cikin 'yan kwanaki, ba gidan alfarma ba motar aro, kuma mai saye ya san abin da zai samu tun daga ganin fuskar da ke kan kwali. Masu sukar fina-finan Hausa da cewa duk soyayya ce da rawa da shirme sun yi ta ɗora laifin a kan tarbiyyar 'yan fim. Da sun leƙa Bata da sun ga cewa kaso mai yawa na abin da suke suka hukuncin mai sayarwa ne, wanda ba ya son kayan da za su kwana.

5.0 Dawowar Hukuma

Gwamnati ta dawo cikin harkar, amma da doka ta fara dawowa. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, an dakatar da shirya fina-finai a watan Disamba na 2000, sannan aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. A 2007, sakamakon wani hoton batsa da aka ɗauka da wayar hannu wanda ya shafi wata 'yar wasa, ko da yake ba fim ba ne kuma ba a wurin aikin fim aka yi shi ba, an hana ɗaukar fim na tsawon wata shida. Hukumar, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta fito da sababbin sharuɗɗa, ciki har da cewa kowane kamfani ya nuna jarin da bai gaza naira miliyan biyu da rabi ba. Ga sana'ar da aka gina a kan karo-karo, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya rufe ƙofa ga mafi yawa. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Ibro a 2008. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda ya samu tallafin ofishin jakadancin Amurka ya shirya Tsintsiya, shi ma an yanke masa hukuncin ɗauri a ƙarshen 2008 bisa zargin da ya musanta, daga baya babbar kotu ta soke hukuncin. Masu fim da dama sun kwashe kayansu zuwa Kaduna. Ko mene ne ra'ayin mutum game da tace fina-finai, darasin da mai kuɗi ya ɗauka a fili yake: dukiyar da aka zuba a fim tana iya daskarewa da sanarwa guda ta rediyo.

Daga Abuja kuwa alkawarin kuɗi ne ya zo. A 2010 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba da sanarwar asusun rance na dala miliyan 200 domin masana'antar nishaɗi, wanda daga cikinsa Tony Abulu ya samu dala 250,000 ta bankin NEXIM ya shirya Doctor Bello. A 2013 aka ƙara da tallafin naira biliyan uku da aka kira Project ACT Nollywood. Rancen banki yana neman jingina da rajista da lissafin cinikin baya, kuma yana ɗauke da kuɗin ruwa, wanda Musulmi da yawa ba za su taɓa ba. Ko an kawar da batun ruwa, furodusan da ya shekara goma sha biyar yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan a bakin shago, me zai ajiye a gaban manajan banki? Tsarin kwali bai bar masa takarda ba. A 2016 kuma aka yi shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan uku a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, amma malamai da jama'a suka yi ca a kai, gwamnatin Muhammadu Buhari ta janye. Tabon El Duniya bai gama warkewa ba.

6.0 Bayan Faifai

Kasuwar faifai ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, kuma abubuwa da dama ne suka taru a kanta. Rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Maiduguri, wadda ta nan kaya suke bi zuwa Cadi da Kamaru. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, irin na kamfanin Algaita, sun cika kasuwa da araha, tun da mai fassara bai biya jarumi ko mai kyamara ba. Sannan ga masu tura fim a waya. Wanda ya bi ta bakin tasha ko kasuwar Keffi ya san su: saurayi da kwamfuta a kan ɗan tebur, ya cika maka katin waya da fina-finai a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. A nan ko kwalin ma babu. Dillalan da suka yi shekaru suna juya masu fim su ma sai suka wayi gari an zagaye su, da yawa suka koma sayar da waya da kayanta.

An gwada silima ta zamani, bayan Filmhouse ya buɗe reshe a rukunin shagunan Ado Bayero a 2015, kuma a nan aka fara samun ƙidayar tikiti. Amma ɗakin kallo ɗaya ko biyu a birni guda ba zai ɗauki nauyin masana'antar da masu kallonta suke warwatse daga Nijar zuwa Sudan ba. Talabijin ta fi tasiri. Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014 da tallafin gwamnatin Amurka, ta kawo tsarin fim mai dogon zango da Daɗin Kowa, daga baya da Kwana Casa'in, ta kuma saba wa ma'aikata da albashi da kwantiragi. Sai dai a wannan tsari tashar ce mai jari kuma ita ce mai kasuwa, masu fasaha ma'aikata ne. Damar shiga dandamali irin na Netflix kuwa ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba.

Ƙaramin mai jari ya sake samun ƙofa ne ta YouTube, musamman daga 2020, lokacin da kullen korona ya zaunar da mutane a gida. Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira sun nuna cewa ana iya sakin fim kashi-kashi duk mako a samu miliyoyin masu kallo. A karo na farko tun 1990, furodusa yana ganin adadin waɗanda suka kalli aikinsa da idonsa, ba sai dillali ya faɗa masa ba, kuma kamfanin yana ba shi kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a kai. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma farashin talla ba shi yake yankawa ba, kuma ya danganta da ƙasar da mai kallo yake zaune, ta yadda kallo dubu daga Keffi ko Gusau bai kai darajar kallo dubu daga Ingila ba. Shi ya sa masu shiryawa suke cusa tallar magungunan gargajiya da shagunan atamfa da makarantu a tsakiyar shiri don su cike giɓi. Kamar yadda dillalin Bata ya sa aka yawaita waƙa, haka sabon mai kasuwar, wanda yake saka wa wanda ya riƙe mai kallo mako bayan mako, ya sa labarin da zai ƙare cikin sa'a biyu yake jan zango bayan zango.

Ita ma hukuma ba ta yi nisa ba. A watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba. Masu shirye-shiryen sun riga sun biya 'yan wasa, sun karɓi kuɗin masu talla na makonnin da ke gaba, sai da suka je suka daidaita da hukumar kafin su ci gaba da saki.